Tafiya da keke a bakin teku: daga Abijan zuwa Kotonu

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Wanda ya tashi daga Yamai ya nufi kudu, sai ya yi wajen kilometir 1000 kafin ya kai ga ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Duk da haka bakin teku ba baƙon wuri ba ne gare mu. Ƴan'uwanmu da yawa suna zuwa can cin rani ko fatauci. Kayan da muke saye daga ƙetare kuma, a tashoshin jiragen ruwa kamar na Kotonu da Lome aka saba sauke su.

Yawancin matafiya da mota suke bin gaɓar nan. Amma akwai masu binta da keke, da ɗan guzuri kaɗan. A wannan karatu za mu ga yadda ake yin irin wannan tafiya, da abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya ɗora ƙafarsa bisa feda.

Me ya sa keke?

Keke irin wanda muka sani, mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa, ya bayyana a Ingila a shekarar 1885. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop ya yi tayar da ake hura wa iska. Tun lokacin keke ya zama dokin talaka: ba ya cin ciyawa, ba ya shan mai.

Mai tafiya ƙasa yana yin kamar kilometir 5 a awa guda. Mai keke da kayansa yana yin kamar 15, ba tare da ya fi shi gajiya ba. Ba ya biyan kuɗin mota. In ya ga abin kallo sai ya tsaya, in ya ga inuwa sai ya huta. Sai dai abin da bai biya da kuɗi ba, da jikinsa zai biya. Shi ya sa wannan tafiya take son shiri da lissafi.

Hanyar

Ku ɗauki taswirar Afirka ta Yamma, ku bi hanyar da yatsa. Daga Abijan zuwa Kotonu kusan kilometir 900 ne, wato kamar daga Yamai zuwa Damagaram. Ana ratsa ƙasashe huɗu: Kodibuwar, Gana, Togo da Benin.

Daga Abijan, bayan kilometir 40, sai Gran Basam. Nan Faransawa suka kafa babban birnin mulkinsu na farko a ƙasar, a 1893. Daga nan hanya tana barin teku ta shiga daji da gonaki, har gulbin Tano inda iyaka take. In an ƙetare gada an shiga Gana, a garin Elubo.

A Gana hanya tana hawa da gangara kan ƙananan tuddai. Ana wuce Takoradi, sannan a iso Elmina. Can akwai wani babban gini na dutse a bakin ruwa, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482 don cinikin zinariya. Daga baya ya zama wurin tsare bayi kafin a loda su cikin jirage zuwa Amurka. Mai keke ya kan tsaya nan yini guda, ya shiga ya ga ɗakunan nan masu duhu da idonsa. Abin da ya karanta a littafin tarihi sai ya zama abin da ya taɓa da hannu.

Gaba sai Akra, wadda Hausawan can ke ce wa Ankara, sannan Tema. Daga nan ƙasa shimfiɗe take. Ana ƙetare gulbin Bolta ta gadar Sogakope, a kai Aflawo. Da an wuce shingen iyaka an shiga birnin Lome, domin birnin a bakin iyaka yake. Daga Akra zuwa Lome wajen kilometir 190 ne.

Gaɓar Togo gajera ce, kilometir 50 da ƴan kai. Mai keke yana iya karya kumallo a Gana, ya ci abincin rana a Togo, ya kwana a Benin. In ya shiga Benin sai ya ƙara awa guda a agogonsa, don lokacinsu ɗaya da namu. Zai wuce Gran Popo da Wida, ya shiga Kotonu. Daga Lome zuwa Kotonu kamar kilometir 150 ne.

Iska da lokaci

Me ya sa muka fara daga Abijan, ba daga Kotonu ba? Saboda iska. A wannan gaɓa, yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take busowa, daga cikin teku. Ita ce iskar da ke kawo mana damina idan ta hauro arewa. Wanda ya nufi gabas, iskar tana bayansa tana tura shi. Wanda ya nufi yamma, da ita zai yi ta kokawa har ya kai.

Iskar tana ƙara ƙarfi bayan azahar. Ga dalili: da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Iskar da ke bisa ƙasa sai ta yi zafi ta tashi sama, iska mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta.

Mu damina ɗaya muka sani. A bakin teku kuwa biyu ce. Babbar tana farawa wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar wajen Satumba zuwa Nuwamba. Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke. Ruwan ma ba daidai yake sauka ko'ina ba. Garin Aksim da ke yammacin Gana yana samun fiye da milimetir 2000 a shekara, Akra kuwa ba ta samun ko rabin haka.

Wurin kusa yake da tsakiyar duniya, saboda haka dare da rana kusan tsawonsu ɗaya duk shekara. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, ta faɗi wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jira. Mai hankali yana tashi da asuba, ya yi tafiyarsa har ƙarfe 11, ya huta a inuwa, ya ƙara kaɗan da la'asar. Kafin magariba ya riga ya san inda zai kwana.

Zafin da ba irin namu ba

Wani zai ce: “Ni da na saba da zafin bazara a Tawa, wane zafi zai ba ni tsoro?” Gaskiya ne zafin bakin teku bai kai namu ba a ma'auni. Amma ya fi namu kasala, kuma ga yadda abin yake.

Ku dubi randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka jikin mutum yake yi da zufa. A nan iskarmu busasshiya ce, zufa tana bushewa nan da nan, jiki ya sami sauƙi. A bakin teku iska cike take da laima, ba ta da wurin ɗaukar wani ruwa. Sai zufa ta yi ta zuba ba ta bushewa, jiki bai huce ba, ruwansa kuma yana ƙarewa. Ko wanki aka shanya da safe, wani lokaci har yamma bai bushe ba.

Saboda haka mai keke ba ya jiran ƙishirwa. Yana kurɓar ruwa a kai a kai, litir da yawa a yini, kuma ruwa mai tsabta. Zufa tana fita da gishiri, sai a mayar da shi. A litir ɗaya na ruwa a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan ɗanyar kwakwa ma yana taimako, ga shi ana sayar da ita a bakin hanya. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai, ya sauka ya nemi inuwa tun kafin ya faɗi.

Sauro yana nan duk shekara, saboda tafkuna da fadamu. Kada a kwana babu sange. In masassara ta kama mutum, ya je gidan likita ran nan, kada ya ce sai gobe.

Teku kuma ba tafki ba ne. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki ko ya iya iyo. Baƙo ba ya shiga sai inda masunta suka ce masa babu laifi.

Kula da keke

Ba sai da keke mai tsada ba. Keken ƙarfe mai ƙwari, irin wanda kowane mai gyara ya san kayansa, ya fi wanda in ya lalace ba a samun abin canji. A ɗauki famfo, da faci, da sifana, da ɗan mai, da tsumma. A raba kaya gida biyu daidai a gefen tayar baya, mai nauyi a ƙasa, don kada keke ya riƙa rinjaya. A naɗe tufafi da takardu cikin leda saboda ruwa.

Abokan gabar keke a can biyu ne: gishiri da rairayi. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, shi kuwa yana gaggauta tsatsa. Rairayi in ya manne wa man sarƙa sai ya riƙa cin ƙarfe kamar zarto. Kowace yamma a goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mata mai kaɗan, a duba birki da iskar taya.

Haɗari mafi girma shi ne manyan motocin da ke jigila tsakanin tashoshin jiragen ruwa. A duk ƙasashen huɗu hannun dama ake bi, kamar a nan. A riƙe gefen hanya, a sa riga mai haske, kada a yi tafiyar dare. A Kotonu kuma a lura da ƴan kabu-kabu masu rawayar riga, waɗanda ake kira zemijan.

Ci da kwana da kuɗi

Mai ƙaramin guzuri yana cin abin da mutanen gari ke ci. A Kodibuwar akwai aceke, wanda ake yi da rogo, ana ci da soyayyen kifi. A Gana akwai dokunu na masara. Akwai kuma shinkafa da wake, wadda mutanen Gana ke kira wace, sunan kuwa daga Hausa ya fito. Da safe za ka tarar da koko da ƙosai kamar a gida.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Tun zamanin fataucin goro Hausawa suke zuwa kudu, suka kafa unguwannin da ake kira zango. A Akra akwai Nima da Sabon Zango, a Kotonu ma akwai unguwar Zango. Mai jin Hausa in ya shiga irin waɗannan wurare zai sami mai nuna masa hanya. A ƙauye kuwa sai ya gai da mai gari, ya faɗi daga inda ya fito da inda za shi, ya nemi izinin shimfiɗa tabarmarsa. Matambayi ba ya ɓata.

Kodibuwar da Togo da Benin kuɗinsu sefa ne irin namu. Gana ce ke da nata, sidi, sai an yi canji. A kowace iyaka ana neman takardar shaida ko fasfo, da katin rigakafin shawara. A tambayi dokar kowace iyaka tun daga gida.

Yanzu mu yi lissafi. In mutum yana yin kilometir 60 a yini, kilometir 900 za su ci masa kwana 15. Mu ƙara kwana 3 na hutu, sun zama 18. Mu ƙaddara abinci da ruwa jika 2 ne a yini, wato jika 36. Mu ce ya kama ɗaki sau 6 a birane, kowane jika 5, wato jika 30. Gyara da magani jika 10. Jimla jika 76. Farashi yana canzawa daga gari zuwa gari, don haka a ware wani abu daban, a ɓoye, kada a taɓa shi sai dole.

Wanda bai taɓa yin nisa da keke ba, kada ya fara da kilometir 60. Ya fara da 10, ya koma 20, har jikinsa ya saba. Kuma tafiyar mutum biyu ta fi ta mutum ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe ake ratsawa daga Abijan zuwa Kotonu?
2. Me ya sa ya fi sauƙi a nufi gabas da keke a wannan gaɓa?
3. Wace kama ce ke tsakanin randa da jikin mutum?
4. Me gishiri da rairayi ke yi wa keke?
5. In mai keke yana yin kilometir 75 a yini, kwana nawa zai yi kafin ya cika kilometir 900?

Aiki

Ku zana gaɓar teku a littafinku, ku sa garuruwan da aka ambata bi da bi. Sannan ku tambayi wani a garinku wanda ya taɓa zuwa bakin teku, ku rubuta abin da ya gaya muku cikin layi goma.