Bikin 17 Ga Maris: Yadda Iyaye Mata A Ailan Ke Jawo Yara Da Kayan Marmari

Uwargida, ko kin san akwai ƙasar da komai nata kan koma kore rana guda a shekara? Wannan ƙasa ita ce Ailan, ranar kuwa 17 ga Maris, lokacin da suke tunawa da Waliyyi Patrick, wanda ya yaɗa addinin Kirista a tsibirin a ƙarni na 5. Tun 1903 ranar ta zama ta hutu a ƙasar. 'Yan Ailan da suka yi ƙaura sun kai bikin Amurka, inda tun 1962 ake rina kogin birnin Shikago kore.

Bikin yakan faɗo cikin azumin Kiristoci na kwana 40, wanda yara da yawa kan ƙaurace wa alewa a cikinsa. A al'ada, ranar ce ake sassauta masu, sai ka ga an cika gida da alewa da kek masu koren rini. Wannan ya sa wasu iyaye mata suka koma ga kayan marmari, tunda kowanne ya zo da launinsa, ba ya buƙatar rini ko ƙarin sukari.

Na farko shi ne bakan gizo a faranti. A tatsuniyarsu, akwai wani ɗan guntun aljani mai sana'ar takalmi da ke ɓoye tukunyar zinariya a ƙarshen bakan gizo. Don haka sai a jera 'ya'yan itace sahu-sahu a lanƙwashe: jan sitiroberi a waje, sai lemo, sai abarba, sai kiwi ko koren inabi, sai baƙin inabi a ciki. A gefe guda a ajiye ƙaramin kofi cike da yankakkiyar ayaba, ita ce zinariyar, a ɗaya gefen kuma a zuba yogot a matsayin gajimare. Idan babu sitiroberi, kankana za ta tsaya a madadinsa.

Na biyu shi ne tutar ƙasar mai launi uku: kore, fari da ruwan lemo. Ana soka kiwi da ayaba da lemo a tsinke bisa wannan jeri. Na uku kuma ganyen shamrok, wato alamar ƙasar mai kunne uku: yanka kiwi uku a haɗe, da siririn yankan koren tuffa a matsayin kara.

Sai dai a kula, uwargida. Ƙwayar inabi tana iya toshe maƙogwaron yaron da bai kai shekara 5 ba, don haka a raba ta gida huɗu ta tsawo. Kada a ba ƙananan yara tsinke mai tsini, a jera masu a faranti kawai. A wanke komai da ruwa mai tsabta, a ɗiga ruwan lemon tsami a kan ayaba da tuffa don kada su yi baƙi.

Dabarar dai ita ce a sa yaro cikin aikin. Wanda ya jera bakan gizo da hannunsa da wuya ya ture farantin. Gwada a ranar walima ko ta hutu, ki ga yadda za a yi wasoso.