Hoton miki a ƙaramin ɗaki: wace fitila ta fi dacewa?

Ma'aikaciyar jinya da ke wanke gyambon mai ciwon suga takan ɗauki hoto duk mako domin likita ya ga ko yana warkewa. Idan hoton farko an ɗauke shi a bakin taga, na biyu kuma a ƙarƙashin ƙwan silin, launin zai bambanta ko da mikin bai sauya ba. Likitan da aka tura wa hotunan zai iya zaton ciwon ya ƙaru, ko kuma ya kasa ganin alamar ruɓewa. Shi ya sa abin da ake nema a fitilar wannan aiki shi ne ta nuna launi yadda yake, kuma ta bayar da haske iri ɗaya kullum.

Lambar farko da za a duba a jikin kwali ita ce CRI, ma'aunin da ke ƙarewa a 100. A nemi 95 zuwa sama. Sai dai lissafin CRI na yau da kullum bai haɗa da ja mai ƙarfi ba, wanda ake auna shi daban da sunan R9. A nan fitilun LED masu araha suka fi gazawa, alhali jan kumburi dama da wuya yake fitowa a baƙar fata. Lamba ta biyu ita ce Kelvin: a tsayar da fitilar a wajen 5500, kusa da hasken rana, a bar ta a nan.

Fitilar zobe irin ta masu bidiyon TikTok tana kashe inuwa, don haka zobe ya dace da lungu kamar cikin baki. A kan fata kuwa tana shafe tudu da zurfi, ta kuma bar da'irar ƙyalli a kan miki mai danshi. Ƙananan fitilu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu a kusurwar digiri 45, sun fi nuna bakin miki da kaurin kurji. Aputure MC, misali, faɗinta kamar na katin ATM ne, tana da batir a ciki da maganaɗisu a baya, ana kuma cajinta da USB-C, don haka ɗauke wuta ba zai tsayar da aiki ba. Mai babbar kyamara zai iya ɗaura filasha biyu irin Godox MF12 a bakin gilashin kyamarar. Mai waya ya fi kyau ya tsaya kan LED, ya kashe filashar wayar da duk wani tsarin gyaran fata.

Ƙaramin ɗaki yana da nasa matsaloli. Bango mai koren fenti ko shuɗi yana mayar da launinsa kan fata, saboda haka a rufe labule, a kashe ƙwan sama, a shimfiɗa ƙyalle mai ruwan toka wanda ba ya sheƙi. Tazara ma tana da tasiri sosai: fitilar da aka janye daga santimita 30 zuwa 60 tana bayar da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na haskenta na farko. A sa alama a ƙasa da tef inda sandar fitila za ta tsaya. A ajiye ƙaramar rula da katin toka kusa da mikin domin a iya daidaita girma da launi daga baya.

Fitilar ta kasance mai santsin jiki da za a iya gogewa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, kuma kada ta taɓa mara lafiya. Kafin a danna kyamara, a nemi izininsa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, don haka kada hoton ya zauna a wayar ma'aikaci tare da hotunan biki.