Me ya sa har yau ake gardama a kan Yash Chopra?

Darakta Yash Chopra ya rasu a 2012, amma masu kallon fim ɗin Indiya ba su gama musu a kansa ba. Masu yabonsa da Deewaar na 1975 suke kafa hujja: 'yan'uwa biyu, ɗaya ɗan sanda, ɗaya ɗan fasa-ƙwauri, ga uwa a tsakiya. Fim ɗin ne ya ƙara tabbatar da jarumi Amitabh Bachchan a matsayin saurayi mai fushi da duniya. Sai masu suka su ce ai wannan aikin alƙalamin Salim da Javed ne, su suka rubuta labarin, kamar yadda suka rubuta wani fim ɗinsa, Trishul.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne finafinan soyayya. Daga Chandni na 1989, Chopra ya rungumi salo guda: attajirai, manyan gidaje, jaruma sanye da sari mai shara-shara tana rawa a kan duwatsun Suwizalan, sanyi kamar bai dame ta ba. Masu suka sun ce talakan da ke cikin Deewaar ya ɓace ke nan. Da gaskiyarsu. Amma su tuna da Lamhe na 1991, inda yarinya ta kamu da son mutumin da ya taɓa son mahaifiyarta. Fim ɗin bai yi kasuwa a Indiya ba, kuma mai neman kuɗi kawai ba zai taɓa wannan labarin ba.