Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa ɗaya daga cikin mashahuran masu zane na Afirka a Zariya ya koyi aikin? Sunansa Bruce Onobrakpeya, ɗan ƙabilar Urhobo, an haife shi a 1932. A 1957 ya shiga kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 shi da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane, suka ƙi bin salon Turawa ido rufe. Har yau "'Yan tawayen Zariya" ake ce musu.

Arewa ba ta fita ransa ba. Daga 1985 zuwa 1988 ya yi jerin ayyuka a kan mutanen Sahel da yadda hamada ke cinye musu ƙasa. A 1990 aka baje aikinsa a babban bikin zane na birnin Banis, Italiya, kuma gidan tarihin Fadar Paparoma na ajiye da ayyukansa.

Don haka in yaro a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya zauna yana zana lambun mangwaro na bakin gulbin Zamfara, kada a ce masa shiririta yake. A saya masa fensir da takarda.