Kyamarar Tsaron Gida: A Gwada Ta Cikin Duhu

'Yan'uwa, da rana tsaka mukan je sayen kyamarar tsaro, alhali da dare ɓarawo yake zuwa. Kada mu biya sai mai shago ya nuna mana hoton da take ɗauka cikin duhu. Mai 1080p ta isa ƙofar gida. Mai 720p kuwa takan nuna mutum daga nesa, amma fuskar ta dushe, 'yan sanda su rasa abin kamawa. Mai 4K ta fi, sai dai tana saurin cika katin ajiya.

Sai batun wuta. In aka ɗauke, kyamarar da ba batir ko sola ta makance. Kada kuma mu kafa ta can sama har ta riƙa ɗaukar hula kawai. Da hunturu, a riƙa goge ƙurar gilashinta.