Rubutaccen shirinmu: Fijo, motar iyayenmu da ta fi shekara 100 tana tsere

Ga masu cewa data ba ta barinsu su saurari murya, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Abin da ya jawo maganar yau musu ne muka yi da wani abokina a majalisa. Wata tsohuwar Fijo 504 ce ta wuce tana hayaƙi, sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Motar 'yan fansho ke nan." Na ce masa, "Malam, wannan da kake rainawa ƙanwarta da yayarta sun ci manyan tseren duniya." Ya ce in kawo hujja. To ga hujjar, kuma a ƙarshe zan gaya muku inda shi ma yake da gaskiya, don ba duka na ci musun ba.

Bari mu faro daga tushe. Peugeot, wadda mu muke kira Fijo, sunan wani gida ne a gabashin Faransa. Tun 1810 suke sana'ar ƙarfe: zarto, injin niƙa kofi, daga baya kekuna. Shi kansa zakin nan da kuke gani a goshin motar, a jikin zarto ya fara fitowa, wai don a nuna haƙoran zarton sun yi ƙarfin na zaki. Armand Peugeot ne ya ja gidan zuwa harkar mota wajen 1889 da 1890.

To me ya kai su tsere? A lokacin mutane ba su yarda da mota ba. Doki suka sani, jirgin ƙasa suka sani. Wanda ya ƙera mota dole ya fito bainar jama'a ya nuna za ta je ta dawo. A 1894 wata jarida mai suna Le Petit Journal ta shirya gasa daga Paris zuwa Rouen, kilomita 126, wato bai ma kai Kano zuwa Zariya ba. Motar da ta fara isa mai aiki da tururi ce, sai da mutum na biyu yana zuba mata gawayi, don haka alƙalai suka hana ta babbar kyauta. Aka raba kyautar tsakanin Peugeot da Panhard et Levassor. Matsakaicin gudunsu bai kai kilomita 20 a awa ba. Yau mai keke ma in ya dage zai ba su wahala, amma a ranar abin mamaki ne.

Abu na biyu da nake so ku riƙe shi ne 1912. Wasu direbobin tsere uku, Georges Boillot da Jules Goux da Paolo Zuccarelli, suka haɗu da wani mai zanen inji, Ernest Henry, suka ce a bar su su ƙera motar tsere da kansu. Injiniyoyin kamfanin suka raina su, har suka laƙaba musu suna da Faransanci mai ma'anar 'yan damfara. A wancan zamanin in kana son gudu sai ka ƙara girman inji kawai. Su kuwa suka ce a gyara yadda injin ke numfashi. Ku gane, inji kamar ƙirjin mutum yake: yana shaƙar iska da mai, yana fitar da hayaƙi, ta wasu ƙofofi da kanikawa ke kira bawul. Sai suka ba kowace silinda bawul huɗu maimakon biyu, suka ɗora kamshaf biyu a saman injin suna buɗe su suna rufewa. Injin ya riƙa shaƙa da sauri yana fitarwa da sauri, ya fi waɗanda suka girme shi ƙarfi. Boillot ya ci babban tseren Faransa a 1912, Goux ya haye Amurka ya ci Indianapolis 500 a 1913, Fijo ta sake cin wannan tseren a 1916 da 1919. In ka buɗe bonet ɗin yawancin motocin yau, wannan tsarin za ka tarar. Duk inda ka ga an rubuta bawul 16 a kan inji mai silinda huɗu, jikan aikin 'yan damfarar nan ne.

Yanzu mu dawo Afirka, inda labarin ya fi shafarmu. A 1953 aka fara wani tsere a Kenya da Uganda da Tanganyika, wanda aka fi sani da Safari. Shi ba a kewayayyen fili ake yinsa ba. Hanyar ƙauye ce, wajen kilomita 5,000, ga laka, ga duwatsu, ga rafuka da suka cika, ga dabbobi a kan hanya. Direba yana tafe da abokin tafiya mai karanta masa hanya, mota ta lalace su fito su gyara. A 1963 motoci sama da 80 suka tashi, bakwai kacal suka gama, kuma wadda ta zo ta ɗaya Fijo 404 ce. Ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Sai 504 ta karɓa: Ove Andersson ya ci Safari da ita a 1975, a shekarar kuma ta ci tseren Maroko da na Bandama a Kodebuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cin Safari da 504 mai ƙofa biyu da inji V6.

Me ya sa ta yi ta ci alhali akwai waɗanda suka fi ta gudu? Saboda a irin wannan hanya juriya ake nema. Gindinta a ɗage yake daga ƙasa, shokazobarta tana shanye rami, injinta ba shi da rikici, bakanike da sifana da sukurdireba zai tashe ta. Kun ga kuwa abin da direban tasha yake nema ke nan. Kuma ku lura da shekarar: a 1975 ɗin da 504 ta ci Safari, a ita ce aka fara harhaɗa Fijo a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna. Daga nan ta zama motar gwamnati, motar malaman makaranta, motar haya mai cin mutum bakwai ko fiye, ga a-kori-kura tana ɗaukar buhuna zuwa kasuwar ƙauye. Ni kaina a bayan 504 ɗin babanmu na fara sanin doguwar tafiya, mu huɗu a kujerar baya, ga kaji a but.

Daga 1980 zuwa sama sai wasan ya canza. Kamfanin ya shiga matsin kuɗi, kuma a Turai ana yi masa kallon mai motocin dattawa, daidai irin kallon da abokina ya yi. Suka ɗauko Jean Todt ya shugabanci sashen tsere, wanda daga baya ya jagoranci Ferrari, har ya zama shugaban hukumar tseren motoci ta duniya, FIA. Suka ƙera 205 Turbo 16. A ido ta yi kama da ƙaramar 205 da ake sayarwa, amma a ciki wata halitta ce daban: an cire kujerun baya an dasa injin a tsakiya, ƙafafu huɗun duk suna ja, ga tarbo yana tura wa injin iska da ƙarfi har ƙarfinta ya haura na doki 400. Doka ta ce sai an ƙera guda 200 na sayarwa kafin a shiga rukunin da ake kira Group B, suka ƙera. Suka ci kambun duniya a 1985 da Timo Salonen, suka sake ci a 1986 da Juha Kankkunen.

Amma motocin wannan rukunin sun fi ƙarfin hanyoyin da ake tseren a kai. A 1986 wata mota ta faɗa cikin 'yan kallo a Fotugal ta kashe mutane, bayan wata biyu kuma Henri Toivonen, direban Lancia, da abokin tafiyarsa suka ƙone a tsibirin Kosika. Aka soke rukunin gaba ɗaya. Fijo ta tashi da mota mai tsada a hannu, babu inda za ta yi tsere da ita. Sai ta juyo Sahara.

'Yan uwanmu na Nijar, nan labarin ya shigo gidanku. Tseren Paris zuwa Dakar wani Bafaranshe ne, Thierry Sabine, ya ƙirƙiro shi bayan ya ɓace a hamada a kan babur a 1977. A ƙarshen 1978 aka fara, kuma shekara da shekaru ayarin yana ratsa Tenere yana yada zango a Agadas. Fijo ta shiga a 1987 da Ari Vatanen, mutumin Finland da ya kusa rasa ransa a hatsari a Ajantina a 1985. Ya dawo ya ci. A 1988 yana kan gaba da sabuwar 405, aka wayi gari a Bamako babu motar, an sace ta. Wallahi ba wasa nake ba. An gano ta daga baya, amma lokacin tashi ya wuce, aka fitar da shi daga gasar, Kankkunen ya ci da 205. A 1989 kuma direbobin Fijo biyu, Vatanen da Jacky Ickx, suka yi wa kowa nisa suna ta kokawa da juna. Todt ya ji tsoron kada su farfasa motocin duka biyu a rasa kofin, sai a garin Gao na Mali ya jefa kwabo sama, wanda ya faɗo masa shi zai ci. Ya faɗo wa Vatanen. Mutane da yawa sun ji haushi, suka ce wannan ai ba tsere ba ne. Ni kuma a nan na fahimci abin: direba ɗaukaka yake nema, kamfani kuwa talla yake yi, ko wa ya ci dai zaki ne a goshin motar. Vatanen ya ƙara ci a 1990, shekara huɗu ke nan a jere.

Ba zan wuce Dakar ban faɗi ɗaya gefen ba. Motocin nan ta cikin garuruwan mutane suke bi da mugun gudu, kuma an sha buge mazauna wurin, har da yara ƙanana. An yi ciniki a Agadas, masu masauki da masu jagora da masu sayar da azurfa sun samu, amma kwana kaɗan ne ayarin ya wuce, kofin kuma ya tafi Faransa. A 2008 aka soke tseren saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Fijo ta sake cinsa a 2016 da 2017 da 2018, amma a lokacin suna kawai ya rage na Dakar.

A taƙaice sauran: a Le Mans, inda mota ke gudu awa 24 ba tsayawa sai shan mai da canjin taya da direba, sun ci a 1992 da 1993, a ta biyun ma su suka kwashe na ɗaya da na biyu da na uku. Sun ƙara a 2009 da mota mai shan gas, wato dizal. Da 206 sun ci kambun duniya na kamfanoni sau uku, 2000 zuwa 2002. Inda suka sha ƙasa shi ne Formula 1: daga 1994 zuwa 2000 suna ba McLaren, sannan Jordan, sannan Prost inji, ko tsere ɗaya ba su ci ba. A farkon 2012 kuma, da kasuwa ta yi musu tsami, suka rufe shirin Le Mans ana dab da fara kakar, sai 2022 suka koma irin wannan tseren da 9X8.

To ina abokina yake da gaskiya? Da na gama zuba ya ce, "Duk na ji. In ta kai haka, me ya sa tasha ta koma Toyota?" Na yi shiru. Kofi ba ya sa sifiya ta yi araha. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika kasuwa, kanikawa suka saba da motocin Japan, sababbin Fijo kuma suka zo da waya da kwamfuta da ba kowane gareji ke iya musu ba.

Don haka in kamfani ya nuna muku kofi a talla, tambayar da za ku yi ita ce: motar da ta ci, nawa ne a jikinta yake cikin wadda za a sayar mini? A zamanin 404 da 504 amsar ita ce kaso mai yawa, don motar kasuwa ce aka ƙarfafa aka shiga daji da ita. A zamanin 205 Turbo 16 da motocin Dakar, kusan suna da fitila kawai suka haɗa su. Wani lokacin kuma amfanin yakan zo a makare, kamar bawul huɗun 1912 da suka ɗauki shekaru masu yawa kafin su shigo motar talaka.

Ku faɗa mana a sharhi: wace Fijo ce a gidanku kuna yara, 404 ko 504 ko 505? 'Yan Agadas da suka ga ayarin Dakar da idonsu, ko iyayensu suka ba su labari, don Allah ku rubuto mana, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mun haɗu, a tuƙa a hankali, titinmu ba filin tsere ba ne.