Kabewa Mai Dogon Wuya: Yadda Take Zama Abincin Dare Mai Daɗi

Kabewar nan mai dogon wuya, wadda manyan kantuna ke sayarwa da sunan batanot, 'yar'uwar kabewarmu ce ta miyar taushe. Ire-iren kabewa duka daga nahiyar Amurka suka fito, amma wannan samfurin a jihar Masachusat aka samar da shi a shekarun 1940. Daga can ya bazu har ya zama abincin yau da kullum a Afirka ta Kudu, inda ake gasa shi a garwashi tare da nama. Siffarta kamar ta gora ce, wuya dogo, gindi a kumbure, cikinta kuwa ruwan goro. Mutane da yawa in sun saye ta sai su yayyanka, su zuba a tukunya, su cika ruwa, su tafasa, sannan su ce ai lami ce. Ba laifin kabewar ba ne, ruwan ne ya kwashe mata ɗanɗano.

Tun daga kasuwa aikin yake farawa. A zaɓi wadda ta yi nauyi a hannu, mai taurin ɓawo, marar sheƙi, wadda ba ta da zanen kore a jiki, domin kore alama ce ta an cire ta ba ta nuna ba. Bayan girbi, sitacin da ke cikinta yana rikiɗewa ya koma sukari a hankali, shi ya sa wadda ta yi makonni a ajiye ta fi sabuwar cira zaƙi. Muddin ba a yanka ta ba, takan yi wata biyu zuwa uku a wuri mai sanyi da iska ba tare da firji ba.

Wajen yanka a yi hattara, don tana da tauri kuma tana zamewa. A datse kai da gindi, a raba wuyan da kumburin, kowanne ya tsaya daram a kan katako kafin a fere shi. 'Ya'yan a kumburin kaɗai suke, wuyan tsoka ne zalla. A fere har sai farin da ke ƙarƙashin ɓawo ya tafi, ruwan goron ya bayyana, domin wannan farin ba ya laushi da kyau. Tana fitar da wani ruwa mai danƙo da ke sa fatar hannu ɗaurewa, a wanke hannu da an gama.

Gashi ne ya fi fito da daɗinta, kuma dalilin ya cancanci a fahimce shi. Matuƙar akwai danshi a jikin yankan kabewa, zafinsa ba zai haura digiri 100 ba, wato ma'aunin tafasar ruwa. Wannan soyayyen launi da ƙamshin da muke nema kuwa ba sa samuwa sai zafi ya kai wajen digiri 140 zuwa sama, lokacin da sukarin da ke bayan yankan ya fara ƙonewa kaɗan-kaɗan. Ke nan dole ruwan saman ya ƙafe tukuna. Don haka ake yanka ta daidai wa daida, kamar santimita biyu zuwa uku, a juya ta da cokali biyu na man gyada ga kilo ɗaya, da gishiri, da ɗan citta da masoro, a baza a faranti, kowane yanka da sarari tsakaninsa da na kusa. In aka cunkusa su, tururin da wannan ya fitar zai jiƙa wancan, a ƙare da dafaffiyar kabewa maimakon gasassa. Tanda ta riga ta yi zafi zuwa digiri 200 kafin a saka, a ba ta kamar rabin awa, a juya sau ɗaya a tsakiya.

Uwargida da ba ta da tanda ba ta rasa komai ba. Kasko mai kauri ya isa. A sa mai kaɗan, a jera yankan, a ƙyale su har ƙasansu ya yi ja kafin a juya. Yawan motsawa shi ke hana su yin launi. Bayan nan a yayyafa ruwa cokali uku, a rufe na minti goma, cikin ya nuna.

Man nan ba don ɗanɗano kawai ake sa shi ba. Launin kabewa ya samo asali ne daga sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A mai amfani ga ido da garkuwar jiki, kuma a cikin maiƙo yake narkewa, jiki bai cika amfana da shi ba in babu mai. Iyayenmu da suka haɗa kabewa da gyada da mai a miyar taushe sun dace da wannan tun da daɗewa.

A ganina ma miyar taushe ce ta fi dacewa da ita in abincin iyali ake so. Tsokarta a cure take, ba ta da zare-zare, saboda haka a romon nama kaɗan za a dafa ta, minti goma sha biyar zuwa ashirin, a farfasa da ludayi. Da kanta take kaurara miya, don haka a rage niƙaƙƙiyar gyada. Sai dai ta fi tamu zaƙi, kuma miya mai zaƙi ba ta tafiya da tuwon shinkafa ko waina. Maganin shi ne a ƙara yakuwa don tsaminta, da daddawa da attaruhu, alayyahu kuma ya zo a ƙarshe, kada ya dahu ya yi baƙi.

Kada a zubar da 'ya'yan. A wanke, a shanya, a soya su a kasko da gishiri, yara za su cinye kafin a sauke tuwo. Ranar farko da za ki gwada, Uwargida, raba kabewar biyu: gasa wuyan, ki yi miya da gindin, daga nan za ki san wanne mutanen gidanki suka fi so.